Hattie McDaniel: yabo ta cancanta ko zargi?

Zainabu T/Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu bin tsofaffin finafinan Amurka ne a zauren nan. Na karanta cewa baƙar fata na farko da ya taɓa cin kyautar Oscar mace ce, Hattie McDaniel, a 1940, saboda rawar da ta taka a Gone with the Wind. Daɗi ya kama ni, na nemi fim ɗin na kalle shi tun daga farko har ƙarshe, kusan awa huɗu. Abin da na gani ya dagula min lissafi. Baiwa ce a gidan masu gonar auduga a jihar Jojiya, tana shirya 'yar gidan, tana yi mata faɗa, kuma ta fi kowa kishin gidan da aka mallake ta a cikinsa. Ko suna ba a ba ta ba, Mammy kawai ake ce mata. Daga baya na ga ashe 'yan'uwanta baƙaƙen fata sun soke ta tun tana da rai. Yanzu na rasa inda zan ajiye matar nan. Ƙofa ta buɗe wa na bayanta, ko taya Turawa ta yi wajen ƙawata bauta?

Malam Habu Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ina cikin masu ganin girman matar nan, kuma zan faɗi dalilina.

A fara duba inda ta fito. An haife ta a Wichita, jihar Kansas, a 1893, ita ce auta cikin 'ya'ya 13. Uwa da uba duk an haife su cikin bauta, mahaifinta Henry har ya yi yaƙin basasar Amurka a rundunar baƙaƙen fata ta ɓangaren Arewa. Ke nan bautar da kika gani a fim ba labarin nesa ba ne a wurinta, a bakin iyayenta ta ji shi. A Denver ta girma, ta fara da waƙa da wasan dandamali. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929 sai da ta koma aikin kula da banɗakin mata a wani gidan rawa kusa da Milwaukee, a nan ma muryarta ce ta fitar da ita zuwa kan dandamali. A 1931 ta isa Los Angeles, tana neman aikin fim tana aikatau a gidajen mutane don ta ci abinci.

To a wancan zamanin wace rawa ake ba mace baƙar fata mai jiki a Hollywood? 'Yar aiki, kuku, mai raino. Ba a ajiye mata rawar likita ta ƙi karɓa ba. Abin da nake so ki koma ki duba shi ne yadda ta yi da ɗan abin da aka ba ta. A Alice Adams na 1935, tare da Katharine Hepburn, an ɗauko ta ta yi hidimar cin abincin dare, ta riƙa yi da fuskar da ke nuna ta raina masu gidan da ƙaryar arzikinsu. A Gone with the Wind kuwa, ki sake kallon wurin da take hawa bene tare da Melanie, ƙawar uwar gida, bayan rasuwar Bonnie, ƙaramar 'yar masu gidan, tana ba ta labarin halin da uban ya shiga. Kyamara na bin su, kusan ita kaɗai take magana tana kuka, ba a nuna mana abin da ya faru a ɗakin ba amma duk sai mun gan shi a muryarta. Olivia de Havilland da ta fito a matsayin Melanie ita ma tana takarar kyautar a rukuni ɗaya, Hattie ta kayar da ita.

Ga kuma abin da ke sosa min rai. Da aka yi bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ranar 15 ga Disamba 1939, ba ta je ba, dokokin wariya na Jojiya ba su bar ta ta zauna da abokan aikinta ba. Daren 29 ga Fabrairu 1940 a otal ɗin Ambassador, sai da mai shirya fim ɗin David O. Selznick ya nemi alfarma kafin a bar ta ta shiga, aka ajiye ta a wani ɗan tebur can jikin bango, nesa da teburin taurarin fim ɗin, su Vivien Leigh da Clark Gable. Daga wannan teburin ta taso ta karɓi kyautar, ta ce fatanta ta zama abin alfahari ga al'ummarta da kuma sana'ar fim, ta sauka tana share hawaye.

Usman Ɗan Zazzau:

Malam, da girmamawa, ban yarda a wanke abin haka da sauƙi ba. Gwaninta ba wanda ya musa. Amma gwanintar ce ma ta sa cutar ta fi yawa, domin da ba ta iya ba da ba wanda zai gaskata cewa akwai baiwar da ke ƙaunar ƙanginta. Miliyoyin mutane sun fita daga silima da tunanin cewa bauta a jihohin Kudu na Amurka zaman lafiya ce da amana. Walter White, shugaban NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, bai yi kuskure ba da ya tafi Hollywood a 1942 yana matsa wa kamfanoni su daina irin waɗannan rawar. Kuma ƙofar da ake cewa ta buɗe, a duba lissafi: sai 1964 wani baƙar fata ya sake cin kyautar wasa, Sidney Poitier. Mace kuwa sai Whoopi Goldberg a 1991, bayan shekara 51. Ita kanta Hattie bayan kyautar 'yar aiki aka ci gaba da ba ta.

Malam Habu Mai Rediyo:

Usman, lissafinka daidai ne, fim ɗin ya ƙawata bauta, ban kare shi ba. Inda muka rabu shi ne wa za a ɗora wa kayan. Masu kamfani ne suke rubuta labari, su suke raba rawa, su suke riƙe da kwangilar ɗan wasa. Amsar da aka fi danganta mata ita ce gara ta karɓi dala 700 a mako tana fitowa a 'yar aiki da ta karɓi dala 7 tana aikatau na gaske. Wadda ta faɗi haka ta yi aikatau ɗin da hannunta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara 51 ɗin da ka ƙirga kuwa shaida ce a kan Hollywood, ba a kanta ba.

Hajiya Maman Sadiq:

Zainabu 'yata, akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya sa nake ƙaunarta. Da ta samu kuɗi ta sayi gida a unguwar West Adams a Los Angeles, wadda ake kira Sugar Hill. Maƙwabta farare suka kai ƙara a kori baƙaƙen fata daga unguwar, suna dogaro da wata tsohuwar yarjejeniya da ta hana sayar musu da gida. Ba ta tattara kayanta ba. Ita da Louise Beavers da Ethel Waters da sauran masu gidaje suka tsaya, lauya Loren Miller ya kare su, alƙali Thurmond Clarke ya kori ƙarar a 1945. Sai bayan shekara uku Kotun Ƙoli ta hana kotunan ƙasar aiwatar da irin wannan yarjejeniya. Matar da ake cewa mai sunkuyar da kai ce, ga ta a gaban alƙali tana kare ƙofar gidanta.

A 1947 ta karɓi jagorancin shirin rediyo na Beulah a tashar CBS. Ciwon dajin mama ya ɗauke ta ranar 26 ga Oktoba 1952. Ta bar wasiyya a binne ta a maƙabartar Hollywood, masu wurin suka ƙi saboda launinta, aka kai ta Rosedale. Sai 1999 sababbin masu maƙabartar suka kafa mata dutsen tunawa. Kyautar kanta, wadda allo ce ba gunkin nan da aka saba gani ba, domin haka ake ba masu rawar tallafi a lokacin, ta bar wa Jami'ar Howard, ta ɓata a can, sai 2023 hukumar Oscar ta ba jami'ar madadinta.

Zainabu T/Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Maganar Yaya Usman ba ta fita daga raina ba, amma labarin gidan nan ya sauya min kallon da nake yi mata. Akwai fim ɗinta da aka ba ta abin da ya wuce hidimar gida?

Malam Habu Mai Rediyo:

Nemi In This Our Life na 1942, wanda John Huston ya ba da umarni, da Bette Davis da Olivia de Havilland. A nan ma 'yar aiki ce, amma uwa ce ga wani saurayi mai karatun lauya da aka ɗora wa laifin kaɗe mutum da mota, alhali 'yar masu gida ce ta yi. Fitowarta ba ta da yawa, ki dai kula da wurin da take bayyana cewa ɗanta yana gida a daren, da dalilin da ya sa 'yan sanda ba za su saurari maganarsa ba.