Neman kalma: me za mu kira "file descriptor" idan dillalin saƙo ya ƙi karɓar haɗi?

Mai-Gungu: Assalamu alaikum. Ana shirya jagora da Hausa kan ɗaga iyakar fayilolin da RabbitMQ, manhajar dillancin saƙo, zai iya buɗewa a gungun sabobin gajimare. "Message broker" bai ba da wahala ba, dillalin saƙo ne: ya karɓa daga mai aikawa, ya ajiye a layi, ya miƙa wa mai jira. Inda aka cije shi ne "file descriptor", lambar nan da Linux ke ba manhaja duk sanda ta buɗe wani abu. 0 ta shigarwa ce, 1 ta fitarwa, 2 ta kuskure, sauran su biyo daga 3. An kawo "mai bayanin fayil". Me kuka gani?

Malama Saba: Wa alaikumus salam. A ajiye wannan, Malam, domin lambar ba ta bayyana komai game da fayil, ba suna ba girma. Kalmar fayil ma ɓatar da mai koyo take yi. A dillali, galibin lambobin nan na haɗin TCP ne, wato haɗin sadarwa tsakanin manhajoji: kowane haɗi ɗaya yana cin lamba ɗaya, ko da ba a taɓa faifai ba. Mutum zai ga kuskure mai lamba 24, EMFILE, "Too many open files", ya tafi duba faifai, alhali haɗi ne suka cinye lambobi 1024 da aka ba manhajar. Ni ina ganin mariƙi. Abin da manhaja ke riƙe buɗaɗɗen abu da shi ke nan, fayil ne ko haɗi ko bututu.

Injiniyan Dare: Malama, ai mariƙi shi ne wanda ya riƙi yaro. Ba za a rikice ba? Me ya hana "lambar riƙo"?

Malama Saba: Jam'i ya raba gardama, Injiniya. Na mutum mariƙa, na kayan aiki mariƙai, kamar mabuɗi da mabuɗai. A wannan aiki kuwa kusan kullum jam'in ake faɗa: mariƙai sun ƙare, a ƙara mariƙai, manhaja na yoyon mariƙai idan tana buɗewa ba ta rufewa. Gwada "lambobin riƙo sun ƙare" ka ji yadda ta yi nauyi a baki.

Injiniyan Dare: Na yarda. To iyakar mariƙai ke nan, amma biyu ce. "Soft" da "hard" kada a ce mai laushi da mai tauri, ba ma'ana. Ta farko ita ke aiki a yanzu, ita `ulimit -Sn` ke nunawa, kuma manhaja na iya ɗaga ta da kanta. Ta biyu ita ce inda ɗagawar ke tsayawa, sai mai cikakken iko ke ƙara ta. A ce iyakar aiki da iyakar ƙoli. Tun daga siga ta 240 ta systemd, mai tayar da hidimomi a Linux, wadda ta fito a 2018, ta aiki 1024 ce, ta ƙoli 524288. An bar 1024 ɗin da gangan, saboda tsofaffin manhajoji masu amfani da `select()` ba sa iya lambar da ta kai haka.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne a gyara `/etc/security/limits.conf` a zaci an gama. Wannan fayil sai wanda ya shiga ta PAM, tsarin tantance masu shiga Linux, yake shafa, hidimar da systemd ya tayar ba ruwanta da shi. Abin yi: `systemctl edit rabbitmq-server`, a ƙarƙashin sashen Service a rubuta `LimitNOFILE=65536`, a sake tayar da dillalin. Sannan kada a tabbatar da `ulimit -n` daga tagar umarni, domin iyakarka zai nuna maka, ba ta dillali ba. A nemo lambar shaidar manhajar da ke gudana (PID), a karanta layin "Max open files" a `/proc/LAMBA/limits`, a ƙirga abin da ke cikin `/proc/LAMBA/fd` a ga nawa aka ci.

Mai-Gungu: Nawa ya kamata a sa? Kuma a Kubernetes fa, tsarin da ke rarraba manhajoji cikin kwantenoni a kan gungun sabobi?

Malama Saba: Lissafin da RabbitMQ ke ba da shawara: yawan haɗin da ake samu lokacin cunkoso sau biyu, a tara da yawan layuka. Haɗi 20,000 da layi 3,000 sun ba da 43,000, don haka 65536 ta wadatar. Kafka, wani dillalin saƙo, ya fi ci, daga 100,000 ake farawa, tunda kowane yankin rumbunsa yana da nasa fayiloli a buɗe.

Kubernetes kuwa ba shi da gurbin wannan iyaka a bayanin pod, wato ƙunshin kwantenonin da yake tayarwa tare. Kwantena gadon ta yake daga containerd, mai tayar da kwantenoni a sabar da ya sauka a kai. Can za a sa `LimitNOFILE`, a sake tayar da containerd, sannan a sake haifar pod ɗin, domin tsohon yana nan da tsohuwar iyakarsa. Kuma a sa gyaran cikin hoton da ake gina sabobin da shi. In da hannu aka yi, ranar da gungun ya ƙara sabuwar saba da kansa, dillali ɗaya cikin uku zai sauka a inda ba a gyara ba, ya riƙa ƙin haɗi shi kaɗai, 'yan'uwansa lafiya lau. Gano irin wannan yana cin lokaci sosai.

Injiniyan Dare: A ƙara gargaɗi ɗaya a jagorar, Malam: kada a sa `infinity`. A wasu sabobin tana zama 1073741816, kuma Erlang, wanda RabbitMQ ke gudana a kansa, yana auna girman teburinsa na tashoshi da iyakar da ya tarar. Sai ya kwashe ƙwaƙwalwa tun wajen tashi, a kashe pod ɗin kafin ya karɓi saƙo ko ɗaya. Lamba tsayayya za a rubuta, ko a ɗaure shi da `ERL_MAX_PORTS`.

Mai-Gungu: Madalla, Allah ya saka da alheri. An ɗauki mariƙi da mariƙai, iyakar aiki da iyakar ƙoli. Kuskure na 24 za a rubuta shi "mariƙan manhaja sun ƙare", na 23, ENFILE, "mariƙan saba sun ƙare", tunda shi `fs.file-max` na sabar gaba ɗaya yake nufi.