Shawarwari kan launi da ruɗin gani

A wata tattaunawa da aka yi kan launi a zane, mahalarta sun fi tsayawa kan haɗa ja da shuɗi. Da yake ido ba ya tattara haskensu a wuri ɗaya, yawancin mutane kan ga ja ya matso kusa, shuɗi kuma ya yi nisa, don haka aka ba masu zane shawarar guje wa jan rubutu a kan shuɗi.

Batun motsi ne ya fi muhimmanci a ganina. Idan launuka biyu suka yi daidai a haske, ƙwaƙwalwa kan ga abu mai tafiya ya rage gudu, kamar yadda masanin kimiyyar gani Cavanagh da abokan aikinsa suka nuna a 1984. Mahalarta tattaunawar sun ce a riƙa gwada zanen da baƙi da fari tukuna, don a ga ko launukan sun bambanta a haske.