Neman shawara: da wane ma'auni ake auna bayanan manhaja da aka rubuta domin wakilin AI?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke gina manhajar lissafin kaya da bashi domin 'yan kasuwa masu sayar da sari. Shugabanninmu suna so a ba wakilin AI damar aiki da manhajar kai tsaye, wato ɗan kasuwa ya faɗi buƙatarsa, shi kuma wakilin ya duba kayan da suka rage, ya fitar da rasit ko ya rubuta bashi. Bayanan API ɗinmu, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta yi aiki da tamu, suna cikin tsarin OpenAPI da aka saba rubuta irin waɗannan bayanai da shi, kuma injiniyoyin da suka yi aiki da su ba su taɓa ƙorafi ba. Sai dai da muka gwada wakilin, mun ga yana rikita aikin neman abokin ciniki da na neman rasit, wani lokaci kuma ya cike gurbin shigar da bayani da abin da babu wanda ya ba shi. An ɗora mini alhakin rubuta rahoto a kan ko bayanan namu sun wadatar, shi ya sa nake neman shawararku.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Injiniya. Shirun injiniyoyi ba hujja ba ce, domin mutum idan ya tarar da giɓi a bayani yakan tambayi abokin aiki ko ya cike shi da abin da ya saba gani, har ya manta cewa akwai giɓin. Wakilin AI kuwa ba shi da abokin aikin da zai tambaya. A tsarin MCP na haɗa AI da manhajoji, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, abin da ake miƙa masa game da kowane aiki shi ne sunansa, taƙaitaccen bayaninsa, da jerin guraben da zai cike a tsarin JSON Schema, mai bayyana irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Duk abin da bai shiga wajen nan ba, a wurinsa babu shi.

Saboda haka kada ka auna bayanan da karatu, ka auna su da aiki. Ka tattaro buƙatu na gaskiya irin waɗanda 'yan kasuwarku suke kawowa, ka rubuta sakamakon da ya kamata kowace ta haifar, sannan ka ba wakilin su ba tare da ƙarin haske daga bakinka ba. Ka maimaita kowace sau da dama, tunda amsarsa takan bambanta daga gwaji zuwa gwaji. Bayan haka ka zauna ka karanta jerin kiran da ya yi wa manhajar ɗaya bayan ɗaya, domin a nan za ka ga inda ya ɗauki aikin da ba shi ba da inda ya yi ƙage. Ka fi sa ido a gurbin kuɗi. Paystack da Stripe, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, suna karɓar adadi a mafi ƙanƙantar ƙwayar kuɗi, kobo ko sent, kuma sun rubuta hakan a fili. Idan naku gurbin yana karɓar kobo amma bayaninsa ya tsaya a kan "adadin kuɗi", wakilin zai rubuta 5000 yana nufin naira dubu biyar, manhajar kuma ta rubuta wa mutum bashin naira 50.

Amsa ta biyu:

Ina ganin ku ƙara fayil ɗin llms.txt, wanda Jeremy Howard ya gabatar a watan Satumba na 2024. Taƙaitawa ce a tsarin rubutu mai sauƙi na Markdown da ke nuna wa AI inda muhimman bayanai suke.

Amsa ta uku:

Malam, da girmamawa, wannan fayil yana taimaka wa AI ya gano inda bayani yake, amma ba ya gyara bayanin da aka rubuta da rauni, kuma matsalar ɗan'uwanmu tana cikin bayanin kansa. Abin da zan ƙara a kan amsa ta farko shi ne saƙonnin kuskure, waɗanda mutane da yawa ba sa lissafa su cikin bayanan manhaja alhali wakilin yana karanta su. Idan manhajarku ta mayar da lambar kuskure ta 400 kaɗai, zai yi ta maimaita kiran yana canza abubuwa da ka. Idan kuwa ta ce ranar da aka shigar ba ta bi tsarin rubuta kwanan wata na ISO 8601 ba, ta kuma kawo misali kamar 2025-03-14, yawanci zai gyara a kira na gaba. A rahotonka ka ware wuri ga ayyukan da ba a iya warwarewa, kamar share bashi: shin bayanin ya faɗi haka ƙarara? Shin ya faɗi abin da zai faru idan intanet ta katse aka sake aika kira ɗaya, za a fitar da rasit biyu ne ko ɗaya?

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ayyukan API ɗinmu suna da yawa, kuma da dama sunayensu sun yi kama. Shin duka zan miƙa wa wakilin?

Mai amsa ta farko:

A'a, Injiniya. Bayanin kowane aiki yana cin wuri a cikin iyakar rubutun da wakilin ke iya riƙewa lokaci guda, kuma yawan sunaye masu kama shi ne tushen rikicewar da ka gani. Ka zaɓi waɗanda ɗan kasuwa yake buƙata kullum, ka haɗe masu tafiya tare, kuma a bayanin kowanne ka rubuta lokacin da bai kamata a yi amfani da shi ba, misali cewa aikin neman rasit ba ya karɓar sunan mutum sai lambar rasit. Tunda masu amfani da manhajarku da Hausa za su yi magana, buƙatun gwajinka su kasance da Hausar kasuwa. Mutum zai ce a rubuta wa Alhaji katan goma ko dila biyu, alhali manhajar da ɗai-ɗai take ƙirga kaya, don haka dole bayanin ya faɗi inda wakilin zai duba yawan abin da ke cikin katan na kowane kaya, kuma ya umarce shi da ya tambaya idan masu suna ɗaya sun wuce mutum guda.