Ƙurar da ke kwanciya ƙasan randar burkutu, ana iya sake aiki da ita?

Talatu_Zariya2: Sannunku 'yan uwa. Ina koyon dahuwar burkutu, ƙurar nan da ke kwanciya ƙasan randa in an kwashe, wai tana iya tada sabuwar dahuwa ko sai na sayi yis duk lokaci?

InnaTaTibiri: Ɗiyata ai ita ce uwar, ita muke zubawa tun fil azal. Ki kwashe ta a kwano mai tsabta, amma fa kar ki zuba sai ruwan dawar ya huce sarai, in da zafi kin kashe ta kenan, ki wayi gari randa shiru babu kumfa.

Yakubu88: Gaskiyar Inna. Sai dai zafin Maradi, a watan Afirilu yana wuce digiri 40, in kika bar ta jiƙe waje tsami zai kama ta. Ki sa a firiji kwana kaɗan ko ki shanya ta bushe yadda masu dolo, wato burkutun Burkina, ke yi.

InnaTaTibiri: Firiji da wanga wuta tamu? Shanya dai. In kuma wadda kika kwashe ta yi warin binega, zubar da ƙurar ki roƙi sabuwa wajen maƙwabciya.

Talatu_Zariya2: Na gode Inna, gobe zan jiƙa dawa.