Ganyen qinghao na ƙasar Sin: in dafa wa iyalina saboda zazzaɓin cizon sauro?

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Wani maƙwabcina da ke zuwa Guanzu ta ƙasar Sin sarin kayan waya ya kawo mini kwali biyu na wani busasshen ganye, an ƙuƙƙulla shi kamar Lipton. Ya ce 'yan Sin na kiransa qinghao, wai daga jikinsa ake yin maganin maleriya na asibiti. Ƙamshinsa da ɗacinsa sun yi kama da tazargaden da mahaifiyata ke jiƙa mana a gida. Tun da damina ta kankama ruwa ya kwanta a kwatocin unguwarmu a Ketu, sauro ya hana mu sakat, yarana suna ta karɓa-karɓa da zazzaɓi, kuɗin magani kuwa kun san inda ya kai. Uwargida kuma tana da juna biyu. Shin in riƙa dafa mana shi? Rubutun jikin kwalin duk Sinanci ne.

Dattijon Agege:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yara lafiya. Tazargade ba baƙonmu ba ne, da shi muka tashi. Amma ɗana, ko a gida ba mu ba mai ciki abu mai ɗaci haka kawai. Wannan kam ka ajiye shi nesa da maiɗakinka tukuna.

Mai Haɗa Magunguna, Idi-Araba:
Malam, maƙwabcinka bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen kawai ya faɗa maka. Sunan ganyen a kimiyyance Artemisia annua, ɗan'uwan tazargadenmu ne. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin maleriya, saboda kulorokwin ya fara gazawa. Wata masaniya, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafansu, ta ga wani likita mai suna Ge Hong tun ƙarni na 4 ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a tafasa ba. Nan ta gane zafi na lalata sinadarin, ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba. A 1972 suka ware sinadarin, wato artemisinin, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Coartem da sauran magungunan ACT (masu haɗa dangin artemisinin da wani maganin) da muke bayarwa kullum jikokin wannan ganyen ne, kuma sun ceci rayuka ba adadi.

To ga inda matsalar take. Sinadarin da ke cikin ganyen kaɗan ne, kuma yawansa ya danganta da irin shukar, da lokacin girbi, da yadda aka shanya aka adana. Ba ya narkewa sosai a ruwa. Kofin da ka dafa yau da na gobe ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba kuma wanda zai iya auna maka. Sannan artemisinin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan sa'o'i ya fita. Shi ya sa ake haɗa shi da wani maganin mai jimawa, kamar lumefantrine, a sha kwana uku cur. Shayin zai iya sauke zazzaɓin, yaro ya tashi yana wasa, alhali ƙwayoyin cutar ba su ƙare ba. Bayan mako biyu ko uku sai ta dawo, ga jini ya ragu. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin iyaye sun riga sun saki jiki.

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Ƙwayar cutar da ta sha magani kaɗan ba ta mutu ba, ita ce ke koyon jure masa. An fara ganin haka a Kambodiya, yanzu ya ɓulla a Ruwanda da Yuganda. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, in ACT ya daina aiki mu za mu fi kowa ji a jika. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen ko shayinsa, don magani ko don rigakafi.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode Hajiya, Allah Ya ƙara ilimi. To ni babba, in na sha kofi ɗaya da safe don kariya fa?

Mai Haɗa Magunguna, Idi-Araba:
Ban ba ka shawara ba. Shan yau da kullum shi ne ainihin abin da ke horar da cutar. Kuma a 2018 hukumar magunguna ta New Zealand ta yi gargaɗi kan wasu ƙwayoyi da aka yi da tataccen ganyen nan, bayan an samu masu ciwon hanta cikin masu shansu. Ka duba kwalin ma: in babu lambar NAFDAC, ba wanda ya tabbatar maka abin da ke ciki.

Maman Hanifa, Obalende:
Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce. Don Allah ka kai yaran a yi musu gwajin yatsa, minti 20 an gama, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In ta tabbata, a ba su ACT daidai nauyinsu, su sha da madara ko abinci mai maiƙo, su shanye duka ko da sun warware. Wanda ya fara amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko ya kasa shan ruwa, asibiti kai tsaye, allurar artesunate yake buƙata. Anti kuma ta je awo, akwai maganin rigakafin maleriya da ake ba masu ciki daga wata na huɗu, ta tambayi gidan sauro mai magani a can.