Neman kalma: karen da ke farauta da ido, me za mu ce masa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe za a naɗi shirinmu na kiwo, ga shi rubutun ya tsaya a kan kalma ɗaya. Kashi na biyu a kan Saluki ne, tsohon karen nan na Larabawa da Farisawa, kuma Turancin sai maimaita sighthound yake yi, wato karen da ke hango dabba ya bi ta da gudu, ba mai sa hanci a ƙasa ba. Na rubuta "karen farauta", an dawo min da shi wai ya yi faɗi. A agaza kafin dare.

Baba Mafarauci: Wa alaikumus salam. 'Yata, karen farauta dai kowa ya sani. Me ya yi zafi?

Dakta: Baba, wanda ya dawo da shi yana da gaskiya. Karen farauta iri-iri ne, kuma kiwon wannan daban yake. Saluki tsayinsa a kafaɗa santimita 58 zuwa 71, amma nauyinsa da wuya ya kai kilo 30. Ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, ƙafafu dogaye, kitse kusan babu. Mai lafiya a cikinsu ana ganin haƙarƙarinsa biyu ko uku na ƙarshe da ƙasusuwan ƙugu. Wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce ya yi ta ɗura masa abinci, nauyin ya sauka a gaɓoɓi, gudun ya tafi. In aka ce "karen farauta" kawai, mai sauraro zai auna shi da karen unguwarsu.

Hajiya Edita: Karen hange. Gajere ne, yana shiga baki, kishiyarsa kuma karen sunsune ko karen bin sawu.

Ɗan Tawa: A wajenmu da Faransanci lévrier ake cewa, daga sunan zomo aka ciro shi. To me zai hana karen zomo?

Baba Mafarauci: A'a, ɗana. Barewa fa? Larabawa shaho suke saki tare da shi, shahon ya rikita barewa, karen ya cim mata. Ka ce masa karen zomo ka rage masa daraja.

Malamin Nahawu: Ku dakata. Duk abin da kuka kawo bayani ne, ba suna ba. Harshen da ya isa ba ya jera kalmomi biyu a inda ɗaya za ta wadatar. Muna da gagarau, muna da jimrau, mantau, makarau. A kan wannan awo na ƙera HANGAU. Kalma ɗaya, Hausa tsantsa, babu aro babu jingina.

Hajiya Edita: Allah ya gafarta Malam, jam'insa fa? Rubutun cewa yake irin waɗannan karnuka kaza da kaza. Hangau-hangau za ta ce? Karyar kuma me sunanta?

Malamin Nahawu: To a ce mahangi, mace mahangiya.

Hajiya Edita: Jam'i mahanga ke nan, kuma mahanga kullum muna jin ta a labarai da ma'anar ra'ayi. "Mahanga ba sa jure sanyi." Wa zai gane?

Malamin Nahawu: Matsalarku ke nan 'yan jarida, kunnen mai sauraro kuke tsoro. Haka aka yi ta yi har kwamfuta da intanet suka zauna mana daram. "Hange" ɗin naku ma ai yana ɗauke da kwaɗayin abin hannun wani. Karen hange, sai a ɗauka mai zaman jiran loma ne a bakin tabarma.

Dakta: Malam, kafin ku gama, ga abin da ya kamata shirin ya faɗa ko da wace kalma. Na farko allurar barci. Saboda ƙarancin kitse da yadda hantarsu ke aiki, tsofaffin magungunan barci irin su tiyofental suna daɗewa a jikinsu, kare ya yi ta kwance bai farfaɗo ba, jikinsa kuma ya yi sanyi a kan tebur. A gaya wa likita irin karen tun kafin tiyata, a auna nauyinsa a sikeli, kada a kintata. Sai murɗewar tumbi, wadda ta fi damun karnuka masu zurfin ƙirji. A raba abinci gida biyu, safe da yamma, kada a sake shi gudu sai an yi awa ɗaya ko biyu da ci, kuma kada ya dawo yana haki a bar shi ya shanye bokitin ruwa. Alamarta: ciki ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, miyau na zuba, ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan ba ta kwana, asibiti kai tsaye.

Ɗan Tawa: Ni abin da ya dame ni daban ne. Ana ta Saluki, Saluki, alhali muna da namu. Karen Azawak, daga arewacin Tawa har Menaka a Mali, Buzaye suna ce masa oska. Namiji ya kan kai santimita 74, ya fi Saluki tsayin ƙafa, gashinsa a kwance, babu gezar kunne da ta jela. Kuma shi gadi yake yi, baƙo ba ya kusantar tanti yana nan. An kai shi Turai a farkon shekarun 1970, ƙungiyar karnuka ta Amurka ba ta yi masa cikakkiyar rajista ba sai 2019. In za a ƙirƙiri suna, a tambayi masu karen. Ba komai ne sai an yanke a Kano ba.

Malamin Nahawu: Oska Buzanci ne. Mun gudu daga aron Bature mu faɗa aron Buzu?

Ɗan Tawa: Takarda da kake faɗa kullum daga ina ta zo, Malam? Aro daga maƙwabci ba abin kunya ba ne.

Hajiya Edita: Oska sunan iri ɗaya ne, kamar Saluki. Ita gidan gaba ɗaya take nema wa suna, wanda zai ɗauki Saluki da Azawak da Sulugi na Maroko da karen Afganistan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma ku bar ta ta gama aikinta.

Alaramma: A Suratul Ma'ida, aya ta 4, an halatta abin da horarren kare ya kamo. Littattafan fiƙihu kalbus saidi suke cewa, karen farauta ke nan. Ban ga dalilin canzawa ba.

Hajiya Edita: Alaramma, can hukunci ake magana, ya haɗa kowane horarre. Nan kiwo ne.

Baba Mafarauci: Ni dai in da ido yake aiki, ku faɗa wa mutane ba a sakinsa kusa da titi. Da zarar abu ya gilma, kaza ce ko ɗan akuya ko leda, ya tafi, kira ba ya shiga kunnensa. Horon kira tun yana kwikwiyo ake farawa, da doguwar igiya da ɗan nama a hannu. Duka kuwa ɓata shi yake yi, ya koma tsoron mutum.

Dakta: Haka ne, Baba. Gudun Saluki ya kan wuce kilomita 60 a awa, kuma yana jurewa a dogon zango. Katanga kada ta gaza mita ɗaya da rabi, biyu ta fi. Abin wuya a sa mai faɗi, wanda ke ɗan tsukewa in ya ja, domin kansa siriri ne, na yau da kullum zamewa yake yi in ya ja da baya. Kada a kwantar da shi a kan siminti tsirara: gwiwar ƙafar gaba ce ke yin kanta, wani lokaci ta tara ruwa. Tsohuwar katifa ko bargo ninki biyu ya isa, da hunturu kuma a shigar da shi ɗaki. Fatarsa ba kauri, ƙaya da waya suna yaga ta, don haka a duba tsakanin yatsu da hammata bayan kowane gudu, a cire kaska a lokacin. Mai geza a taje masa kunne sau biyu a mako. Kwikwiyo ba a tilasta masa dogon gudu sai ya haura shekara, ƙashi bai gama ƙwari ba. Allurar haukan kare daga wata uku. Wani abu kuma ga abokan aikina: sinadarin makwallaton wuya, wato thyroid, a jininsu ƙasa yake da na sauran karnuka tun asali, kada a ga sakamakon gwaji a ɗora wa lafiyayye magani.

Mai Fassara: Na gode, Dakta, rabin wannan ma babu shi a rubutun. Ga abin da na sa: "Saluki na cikin karnukan hange, wato karnukan farautar da ke aiki da ido da gudu maimakon hanci, dangin karen Azawak na Nijar da Mali." Daga nan sai in ci gaba da "karen hange".

Ɗan Tawa: Ki ƙara Burkina Faso. Kuma "dangi" ya yi ƙarfi, aikinsu da ƙirarsu ne suka zo ɗaya. Ki ce "irin su".

Malamin Nahawu: Ku yi yadda kuka ga dama. A aji dai hangau zan koyar, mu ga wadda za ta rayu.

Baba Mafarauci: Ni kuma karen farauta zan ci gaba da cewa.

Mai Fassara: Na gyara, "irin su". Hajiya, sakin layi na huɗu ya kawo ɗaya gidan, masu hanci. Sunsune ko bin sawu?

Hajiya Edita: Bin sawu. Sunsune zai ba mai karantawa dariya a gaban makirufo.