Sai na karanta na asali kafin in taɓa sabon?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina tsakiyar karanta Demon Copperhead na Barbara Kingsolver, wanda ya fito a 2022, sai wata ƙawata ta ce wahalar banza nake, tunda ban karanta David Copperfield na Charles Dickens ba, alhali daga can aka ɗauko ƙashin labarin. Wai rabin daɗin yana wajen gane wane ne ya tsaya a madadin wane. Ni kuwa yaron nan maraya da ake ta turawa gida-gida a yankin tsaunukan Virginia, ga bala'in ƙwayoyin kashe raɗaɗi da ya cinye mutanen wajen, ya riga ya shiga raina. In ajiye ne in koma na 1850? Sannan tsakani da Allah, me ya raba wannan da satar fasaha?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ajiye. Ɓarawo ɓoye abin da ya ɗauka yake yi, ita kuwa Kingsolver tun daga sunan littafin ta nuna inda ta samo. Ta fuskar doka ma babu magana, don Dickens ya rasu tun 1870, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa. Inda ake rigima shi ne idan haƙƙin bai faɗi ba. A 2001 magadan Margaret Mitchell sun kai ƙara kotu a Amurka a kan The Wind Done Gone na Alice Randall, wanda ya sake ba da labarin Gone with the Wind ta bakin baiwa. Daga baya aka sasanta.

Amma ƙawarki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, littafin ne ta ɗauko wanda bai dace ba. Naki ya kwashe labari ne ya kai shi wani zamani, don haka yana iya tsayawa da ƙafarsa. Akwai kuma waɗanda gardama suka zo yi da na farko. Ɗauki Kamel Daoud ɗan Aljeriya. A littafin Albert Camus na 1942, wani Bafaranshe ya harbe Balarabe a bakin teku, har littafin ya ƙare ba a faɗi sunan mamacin ba. A nasa littafin na 2013 Daoud ya ba shi suna Musa, ya sa ƙaninsa Haruna ya ba da labari. Wanda bai san Camus ba, ta ina zai ji nauyin wannan suna?

Mai Ja-in-ja:
Malam, Allah ya ƙara girma, amma masu kyaun kawai ka tsinto. Yawancinsu kasuwa ce. Kamfanin ɗab'i ya san sunan Jane Austen kaɗai ya isa talla, kuma ba wanda zai biya ko sisi. A 2009 aka ɗauki Pride and Prejudice na 1813 aka cusa masa gawarwaki masu yawo, ya kuma yi kasuwa har aka yi fim. The Great Gatsby yana fita daga haƙƙin mallaka a Amurka a farkon 2021, sai ga sababbin "Gatsby" suna ta ɓullowa. Ni abin da ke ba ni haushi, sai a ɗauko mace ta ƙarni na 19 a sa mata tunanin 'yar yau, wai an 'yanta ta. An dai share abin da ya sa rayuwarta ta yi wuya ne, labarin ya zama lami.

Uwar Biyu:
Ɗan'uwa, wannan na ƙarshen na yarda da kai. Sai dai ina ganin ba shi ne ke ɓata wa masu karatu rai ba. Wanda bai yi kyau ba ai mantawa ake da shi. Mai kyaun ne ke cizo. Na tashi ina son littafin Jane Eyre, ina ganin Rochester, masoyin Jane, bawan Allah ne da aka jarrabe shi da mahaukaciyar mata. Da na karanta Wide Sargasso Sea na Jean Rhys, na 1966, na ga matar tasa tun tana yarinya a Jamaika, na ga yadda aka aurar da ita saboda dukiyarta, mijin har suna ya canza mata kafin ya kulle ta a saman bene a Ingila, wallahi ban sake iya kallon mutumin nan kamar dā ba. Wasu wannan ne ba sa yafewa, an taɓa musu masoyi.

Haka James na Percival Everett, na 2024, da ya ba bawan nan Jim na littafin Huckleberry Finn baki. A ciki bayi na magana da tsaftataccen Turanci a tsakaninsu, sai sun ga farar fata su koma gwamutsattsen harshen da ake tsammani daga gare su. Ya ci kyautar Pulitzer a 2025, kamar yadda Demon Copperhead ya ci a 2023.

Ɗalibar Adabi:
Na gode Malam, na gode Anti. Zan ƙarasa nawa. Na Camus ɗin yana da tsawo?

Tsohon Malami:
Ɗan siriri ne, a kwana biyu kin gama. Ki fara da shi kafin Daoud. Dickens kuwa sai kin samu hutu.